Aikin sa kai a ƙasar waje kafin jami'a: me yaro yake dawowa da shi?

"Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 18 ya gama sakandare da sakamako mai kyau, amma ya ce yana son ya jinkirta shiga jami'a na shekara guda domin ya tafi aikin sa kai a wata ƙasa. Kullum cewa yake yi tafiyar za ta mayar da shi mutum. Ni kuwa tsorona biyu ne: kada shekarar ta tafi a banza, kada kuma ya dawo mini wani daban wanda ban sani ba. Shin da gaske irin wannan tafiya tana canza yaro? Idan tana canzawa, ta wace hanya?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Idan na fahimce ki da kyau, kina tsoron kada tafiyar ta kasa yin komai, kina kuma tsoron kada ta yi abin da ya wuce kima. Duka biyun suna da tushe, domin a shekarun da na yi ina ba ɗalibai shawara, ina shirya masu tafiya, ina kuma zama da su bayan sun dawo, na ga kowanne da idona. Amsata ita ce e, tafiyar tana canza matashi, sai dai ta wata ƙofa dabam da wadda ɗanki yake kallo. Shi yana ganin taimakon da zai kai wa mutane ne zai gina shi. Abin da na fi gani yana gina yara shi ne halin da suke tsintar kansu a ciki na zama masu buƙata: ba su iya harshen ba, ba su san hanya ba, dole su roƙa a nuna musu, ga kuma wani ɗan aiki da aka damƙa musu wanda idan ba su yi ba wani zai cutu. Idan wannan hali ya daɗe watanni, shi ne yake sassaƙa mutum.

Asalin abin

Yana da kyau ki san cewa aikin sa kai a ƙetare ya haura shekara ɗari a tsarinsa na zamani. A 1920, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Pierre Cérésole ya tara 'yan sa kai daga ƙasashe dabam-dabam, har da Jamusawa, suka tafi ƙauyen Esnes kusa da Verdun a Faransa domin su taya mutanensa sake gina abin da yaƙi ya rushe. Manufarsa ita ce mutanen da suka gama harbin juna su ɗauki katako tare. Daga nan ƙungiyar Service Civil International ta fito. A 1958 Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar aikin sa kai a ƙetare mai suna VSO a Birtaniya, kuma waɗanda suka fara aikawa matasa ne da suka fito daga sakandare, sa'o'in ɗanki. Shugaba John F. Kennedy ya kafa Peace Corps a Amurka a 1961, inda ɗan sa kai yake yin shekara biyu bayan horon kusan wata uku. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa nata shirin a 1970, wanda hedikwatarsa take birnin Bonn a yau, Tarayyar Afirka ma ta ƙaddamar da nata na matasa a 2010.

Akwai wani abu a cikin wannan tarihi da nake son ki riƙe. VSO da ta fara da 'yan sakandare, daga baya ta koma neman ƙwararru masu gogewa, malamai da ma'aikatan lafiya da injiniyoyi, saboda abin da ƙasashen da ake zuwa suke buƙata ke nan. Shirye-shiryen da suka ci gaba da ɗaukar 'yan shekara 18 kuwa, masu gaskiya daga cikinsu sun daina ɓoye cewa mai tafiyar ne ya fi kowa amfana. Shirin weltwärts na gwamnatin Jamus, wanda aka fara a 2008 domin 'yan shekara 18 zuwa 28, da bakinsa yake kiran kansa hidima ta koyo, kuma tun 2013 yake karɓar matasa daga Afirka da Asiya da Latin Amurka su yi aikin sa kai a cikin Jamus ita kanta. Wato waɗanda suka fi kowa daɗewa a harkar sun yarda cewa yaron da bai da sana'a a hannu almajiri ne ya je, ko da an rubuta masa "mai taimako" a takarda.

Abin da ke faruwa a cikin yaron

Bari in ba ki labarin wani yaro da na shirya, wanda aka tura wata ƙaramar makarantar firamare ya taya koyar da lissafi. A gida shi ne na ɗaya a ajinsu, bai taɓa sanin abin da ake kira kasawa ba. Ya ce mini ranar farko ya kwana yana shirya darasi, ya cika allo da rubutu mai kyau, ya yi bayani na minti arba'in, ya juyo ya tambaya ko an gane. Yaran suka amsa baki ɗaya cewa sun gane. Da ya karɓi littattafansu, sai ya tarar sun kwafi abin da ke allon ne harafi bayan harafi, har da wani layi da ya ja bisa kuskure bai goge ba. Mako uku yana haka. Rannan malamar ajin, wadda shi a ransa yake ganin ya fi ta ilimi, ta shigo da jaka cike da murafen kwalba, ta raba wa kowane benci ashirin-ashirin, ta ce su kasa su gida huɗu. Kafin a kaɗa ƙararrawa yaran sun iya rabawar da ya kasa koya musu. Ya ce ya koma ɗakinsa ya zauna a bakin gado ya daɗe bai kunna fitila ba, washegari kuma ya je ya roƙe ta ta bar shi ya zauna a bayan aji yana kallonta har mako biyu.

Wannan zama na bakin gado shi ne wurin da canjin yake farawa. Wani masanin ilimin manya ɗan Amurka, Jack Mezirow, ya fara bayyana haka a 1978: mutum yana sauya yadda yake kallon duniya ne idan ya ci karo da abin da tsohon tunaninsa ya kasa fassarawa, sannan ya zauna ya binciki tunanin nasa. Karon kaɗai bai isa ba. Na ga yaran da suka ci irin wannan karo suka ce ai mutanen ƙasar ne ba su da kai, suka dawo da girman kan da ya fi wanda suka tafi da shi. Bambancin yaron nan da su shi ne ya samu babba a wurin wanda yake zama da shi duk mako yana tambayarsa: me ya faru, me ka ɗauka zai faru, me ya sa ka ɗauka haka?

Kafin a kai nan kuwa akwai wahalar baƙunta, wadda masanin al'adun ɗan Adam Kalervo Oberg ya bayyana a 1960. Ya ce baƙo yakan fara da ɗoki, komai yana burge shi, sai ƙunci ya biyo baya inda komai yake ba shi haushi, daga nan ya fara farfaɗowa, har ya saba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ba kowa ne yake bin wannan jeri daidai ba, wasu ma makonnin farko ne suka fi yi musu zafi, amma ƙuncin kansa kusan babu mai tsere masa. A abin da na gani, tsakanin mako na huɗu da na goma ne iyaye suka fi samun wayar dare, yaro yana cewa yana son ya dawo. Dalilin da zai kawo yakan zama ƙarami har ya ba ki mamaki, kamar cewa an yi dariya a kusa da shi bai san ko da shi ake ba. Ainihin abin da ke damunsa shi ne gajiya: a gida ba ya tunani kafin ya gaisa, ko ya shiga mota, ko ya nemi alfarma, a can kuwa kowane ɗaya daga cikin waɗannan jarrabawa ce. Wanda ya haye wannan lokaci yana fitowa da wani sani da ba a koyar da shi a aji, cewa zai iya shiga ruɗani ya fita da ƙafarsa. Shi ya sa bayan sun shiga jami'a ba su cika firgita da ƙananan matsaloli ba.

Akwai kuma shaidar da ta fi ƙarfin labarin baki. A 2013 masana halayyar ɗan Adam biyu a Jamus, Julia Zimmermann da Franz Neyer, sun buga sakamakon bin diddigin ɗaliban jami'a, waɗanda suka tafi ƙetare da waɗanda suka zauna a gida. Sun tarar waɗanda suka tafi sun ƙara buɗaɗɗen tunani da iya zama da mutane, hankalinsu kuma ya ƙara kwanciya, kuma sababbin alaƙoƙin da suka ƙulla da mutanen wasu ƙasashe ne suka fi bayyana wannan sauyi. Sun kuma tarar tun kafin tafiyar masu tafiyar sun bambanta da sauran a halayensu. Wannan na biyun yana sa ni taka tsantsan duk lokacin da wani ya nuna mini yaro natsattse ya ce tafiya ce ta mayar da shi haka, domin sau da yawa natsuwar ce ta kai shi tafiyar. Binciken kuma a kan masu karatu aka yi shi, saboda haka hannunka mai sanda ne kawai ga masu aikin sa kai.

Batun alaƙa ya kawo ni ga abin da na fi ba muhimmanci. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya nuna cewa cuɗanya tsakanin mutane mabambanta tana rage ƙyamar juna ne idan aka cika wasu sharuɗɗa: su haɗu a matsayin daidai, su kasance da buri ɗaya, su yi aiki tare, kuma hukumar da ke sama da su ta goyi bayan haɗuwar. Ki dubi sharaɗin farko. Yaron da ya sauka a matsayin mai bayarwa, kowa yana yi masa godiya yana ɗaukar masa jaka, ya rasa shi tun daga filin jirgi. Shi ya sa shirin nan na Birtaniya da aka fara a 2011, International Citizen Service, wanda yanzu an rufe shi, ya riƙa haɗa kowane rukunin baƙi da matasan ƙasar da aka je, su yi aiki ɗaya na kusan mako 12, su zauna a gidajen mutanen gari. Duk shirin da shugaban aikinsa ɗan ƙasa ne, wanda zai iya ce wa ɗanki ka yi kuskure, sake yi, ya fi mini wanda baƙi suke shugabantar junansu.

Inda abin yake lalacewa

Tsoronki na farko yana tabbata ne a tafiye-tafiyen mako biyu ko uku da kamfanoni suke sayarwa. Yaro bai kai ga ƙuncin ba balle ya haye shi, ɗokin farko kawai ya sha, ya dawo da hotuna da tabbacin cewa ya san talauci kuma ya yi maganinsa. Tun 1968 masanin falsafa Ivan Illich ya tsaya gaban matasan Amurka masu shirin aikin sa kai a Meziko ya gaya musu su zo su gani su koya, amma su bar batun taimako. Maganar tana da zafi, ban kuma yarda da ita duka ba, sai dai duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san inda ta dosa.

Mafi muni shi ne gidajen marayu. Ƙungiyoyin kare yara sun daɗe suna bayyana cewa kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da aƙalla uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su da iyalansu. A Kambodiya wani rahoto da UNICEF ta tallafa ya nuna yawan gidajen ya ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010, lokacin da baƙi masu ziyara da masu ba da kuɗi suke ta ƙaruwa. A 2018 Ostareliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'i na bautar zamani. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure a farkon aikina, na amince wa wata yarinya ta tafi irin wannan gida ta hannun wata ƙungiya da takardunta suka burge ni. Da ta dawo ta ba ni labarin wani yaro ɗan shekara huɗu da ya maƙale a ƙafarta tun sa'ar farko, bai ko san sunanta ba, ranar tafiyarta kuma bai yi kuka ba, sai ya wuce ya riƙe ƙafar sabuwar baƙuwar da ta sauko daga motar da za ta ɗauke ta. Baƙo raɓa ne, amma ba a kan ƙaramin yaro ya kamata ya sauka ya bushe ba. Tun daga ranar ban sake sa hannu a irin wannan takarda ba. Haka nan duk shirin da zai bar ɗan sakandare ya yi allura ko ya karɓi haihuwa, abin da doka ba za ta bar shi ya yi a ƙasarsa ba, ki rufe takardarsa ki ajiye.

Yaron da zai dawo miki

Yanzu ga tsoronki na biyu, wanda iyaye ba su cika furtawa ba. Zai dawo daban, wannan kam babu makawa, kuma watannin farko za su iya yi miki ciwo. Masu bincike biyu, John da Jeanne Gullahorn, sun nuna tun 1963 cewa mai dawowa gida yana sake shiga irin ƙuncin da ya shiga a baƙunta, wani lokaci ma ya fi, saboda bai yi tsammaninsa ba. Za ki ji yana sukar abubuwan da ya tashi a cikinsu, yana kwatanta komai da can, yana jin haushin abokansa don sun gaji da labarinsa bayan minti biyar. Wani ma yakan yi shiru ya shige ɗaki. Wannan ba raini ba ne. Shekara guda ya yi yana yanke wa kansa hukunci, shi ke riƙe kuɗinsa, shi ke kai kansa asibiti, sai ga shi ya dawo ana tambayarsa ina za shi da ƙarfe nawa zai dawo.

Game da tarbiyya da addini, abin da na lura da shi shi ne tafiyar tana raba abin da yaro yake yi saboda idon mutane da abin da yake yi saboda ya yarda da shi. Na farkon yakan zube a can, tunda babu mai kallo. Na biyun yakan dawo da ƙarfi, domin an tambaye shi dalilinsa sau ɗari, dole ya nemo amsa. Ke kika san wanne ya fi yawa a wurin ɗanki, kuma wannan sani naki ya fi duk abin da zan iya faɗa daga nesa. Abin da zan ƙara shi ne, canjin da ya zauna ana gane shi ne bayan kamar shekara guda, kuma ba a bakinsa ba. Yaron nan mai lissafi, da ya shiga jami'a, ya sauya zuwa fannin koyarwa, amma abin da mahaifiyarsa ta fi ambata mini shi ne ya daina katse ƙannensa idan suna magana.

Me za ki yi yanzu

Ki zauna da shi ki nemi ya kawo miki shirin a rubuce. Ki tambaya wane aiki ne takamaimai zai riƙa yi daga safe zuwa yamma, wa zai zama shugabansa, kuma mutanen wurin ne suka nemi ɗan sa kai ko kuwa an nemo masa wuri ne saboda ya biya. Idan ana karɓar kuɗi, ki nemi a nuna miki nawa ne yake kaiwa ga aikin, nawa yake tsayawa a ofis. Ki tambayi horon da za a ba shi kafin tafiya da wanda za a yi bayan dawowa, da inshorar lafiya, da lambar wanda za a kira da tsakar dare. Ki tabbatar bizar da zai shiga da ita ta halatta aikin sa kai, domin akwai ƙasashen da bizar yawon buɗe ido ba ta ba da wannan dama. Rigakafi da magunguna kuwa likita ne zai faɗa, ba ni ba. Sai ki nemi yin magana da mutum biyu da suka gama shirin, waɗanda ke kika zaɓa daga jerin sunaye, ba waɗanda aka zaɓo miki ba. A tsawon lokaci, ni ba na ba da shawarar abin da ya gaza wata uku, kuma wata shida zuwa shekara ya fi.

Kada kuma ya bar batun jami'a a sake. Wasu jami'o'i suna yarda ɗalibi ya karɓi gurbi ya jinkirta shiga, jami'ar Princeton ta Amurka ma tun 2009 take ɗaukar nauyin wasu sababbin ɗalibanta su yi wata tara suna hidima a ƙetare kafin su fara karatu, amma wasu jami'o'in ba su san wannan tsari ba sam, wanda ya tafi sai ya sake nema daga farko. A samu amsar wannan a rubuce kafin a sayi tikiti.

Dole in faɗa miki iyakata. Waɗanda nake gani su ne waɗanda suka dawo suka neme ni, kuma wanda tafiya ta yi masa kyau ya fi saurin dawowa ya ba da labari, saboda haka ma'aunina ya karkata. Ban kuma san ɗanki ba. Idan yana fama da damuwa mai tsanani, ko kuwa gudun wani abu yake yi a gida, nisa ba ya warkar da wannan, yakan ƙara shi ne. Idan kuma ba a samu shiri mai inganci ba, ko kuɗin zai taɓa na karatunsa, akwai hanyoyi biyu da ba su gaza ba. Zai iya yin aikin sa kai a wani yanki mai nisa na ƙasarsa inda harshe da rayuwa suka bambanta da nasa, wanda zai ba shi mafi yawan abin da na bayyana. Ko kuma ya jira ya gama digiri, lokacin da manyan shirye-shirye irin na Majalisar Ɗinkin Duniya da na Tarayyar Afirka za su iya ɗaukarsa, su biya masa kuɗin zama, shi kuma yana da sana'ar da zai miƙa.

Akwai gwaji ɗaya da nake yi wa duk wanda ya zo mini da wannan buri, ke ma za ki iya yi masa. Ki ce ya nemi wani aikin sa kai kusa da gida, ya riƙa zuwa sau biyu a mako har wata biyu, a ƙarƙashin wani da zai ba shi umarni, ba tare da ya ɗauki hoto ko ɗaya ba. Ki kuma bar masa cike takardun tafiyar da neman bizar da lissafin kuɗin, kada ki taɓa ko ɗaya. Bayan wata biyun ku sake zama, ki tambaye shi sunayen mutanen da ya yi aiki da su da abin da kowannensu ya koya masa.